Ɗangon da Bai Tashi Ba

Idan mutum ya bar maka amana ya tafi, bai mutu ba balle a ce ƙasa ta raba, bai kuma dawo ba balle ya ce ya yafe, wa ke da ikon sauke maka ita? An kai wannan tambaya gaban limamin Zangon Dinya. An kai ta majalisar gindin darbejiya, inda ba a rasa mai amsa ko da ba a tambaye shi ba. Kowa ya faɗi albarkacin bakinsa, amma har yau ba a sami amsar da mutum zai ɗora kansa a kanta ya yi barci ba.

Wanda tambayar ta faɗo wa a ka shi ne Muhammadu Sani, manomi, dattijo mai furfura a gemu, wanda ba a taɓa jin ya ce zai yi abu ya fasa ba.

Zangon Dinya tana can tsakanin Ungogo da Minjibir, a irin ƙasar nan da ba ta san hutu ba. Gona jingine take da gona, babu abin da ya raba su sai siririn layin gamba. Inda akuya za ta kwanta ma an jefa masa wake. Tun kakanni ake kai taki a kan jaki, ana noma wuri ɗaya shekara da shekaru, don babu dajin da za a matsa. A irin wannan ƙasa, fili guda da aka bari ba noma ya fi giɓi a baki fitowa. Kufan Kallamu shi ne giɓin.

Kallamu aminin Muhammadu Sani ne tun suna kiwon awaki. Babarbare ne ta wajen kaka. Kakan ya zo fataucin kanwa ya ga wuri ya zauna, har jikan ya tashi bai iya Barbarci ba sai gaisuwa. Da ya yi aure sai ya fita daga cikin gari ya gina gidansa a tsakiyar gonaki, shi da matarsa Falta. Allah ya jarrabe su da wabi. Sau huɗu Falta tana haihuwa, babu wanda ya kai yaye. Ba a kai jariran maƙabarta ba. A cikin gida uban ya rufe su, a bayan ɗaki, kamar yadda mutanen da suke yi, babu tudu babu alama. Daga baya Falta ta bi su. Kallamu ya zauna shi kaɗai damina guda, sannan ya ce zai tafi gabas, bakin tafki, ya nemi dangin kakansa, ya gwada sana'ar kifi.

Ranar tafiya Muhammadu Sani ya raka shi bakin titi. Mota ta tsaya, ana ɗora kaya, Kallamu ya riƙe masa hannu bai saki ba.

"Sani, kada fartanya ta shiga gidan nan. Yarana suna ciki. Ni kaɗai na san inda kowannensu yake. In na dawo zan nuna maka, mu ware wurinsu, sauran ka noma abinka."

"Na ji."

"Ba ji nake so ba."

"Na ɗauka," in ji Muhammadu Sani. "Tsakanina da Allah."

Shekarar farko Kallamu yana bugo waya. Ta biyu ma ya bugo jifa-jifa, muryarsa can nesa, iska na kaɗawa a bayansa. Daga nan layin ya mutu. Wani ya ce ya gan shi a Nijar, wani ya ce ba shi ba ne, mai kama da shi ne. Ba a yi masa sallah ba, ba a taɓa abin da ya bari ba, don ba a cin gadon wanda ba a ga ƙarshensa ba. Ruwa ya narkar da katanga, gara ta cinye azara, rufi ya zauna. Bayan 'yan shekaru, ko Muhammadu Sani da ya sha fura a tsakar gidan sau ba adadi, ba zai iya nuna inda ɗakin Falta yake ba. Ciyawa ta fi mutum tsawo, tumfafiya ta kafa gari, tsamiya guda ta baza inuwa a kan komai.

A nan wata irin fara ta fito.

Ɗanliti ne ya fara ganinta, don gonarsa ce ke manne da kufan ta gabas. Ɗan kawun Muhammadu Sani ne, wato taubashinsa, kuma tun da ya yi wayo bai taɓa kiransa da sunansa ba. Wata safiya a tsakiyar damina ya hango shi a kan burtali, ya tsaya a bakin gamba ya ɗaga murya.

"Sarkin Kufai, Allah ya ja zamaninka. Talakawanka sun fara ƙetare iyaka ba izini."

Muhammadu Sani ya zo ya duba. Ga su nan curi-curi a kan ganye, ƙanana baƙaƙe masu ɗigon rawaya, kowanne bai fi ƙwayar wake ba. In ka miƙa hannu sai su watse da tsalle, su sake taruwa.

"Ɗango ne," ya ce. "Don wannan ka tsayar da ni, bawan gidanmu? Raggo dama ko inuwa ta taɓa shi sai ya ce ta hana shi noma."

Ɗango shi ne ɗan fara kafin fiffikensa ya fito. Yana da baki, yana da ƙafa, amma a bayansa babu komai sai ɗan tsiro kamar ƙumba. Ba ya tashi, sai tsalle. Manoma sun san shi, sun kuma san abin da sunan ke nufi ga mai gona, wato haƙuri. Ɗango baƙo ne. Zai ci abin da ya ci, ya saɓe, ya sake saɓewa, wata rana da hantsi ka ga ya buɗe fiffike ya bi iska, ya zama masifar wasu mutane a wani gari. Duk wanda ya ce maka "ɗango ne", cewa yake ka jira.

Ɗanliti ya jira.

Suka girma suka kai tsawon yatsa, suka yi ado, kore da rawaya da baƙi, kamar an zauna an yi musu zane da hannu. Kaji suka ƙi su. Yaran da suka gasa su suka tofar, saboda ɗaci da wani wari kamar na ruɓaɓɓen ganye. Fiffike ya fito, amma ya tsaya a rabin baya, bai rufe ciki ba. Yaran gari suka sa musu suna mai 'yar shara, wai rigarsu ba hannu. Suka bi ta ƙarƙashin gamba da ƙafa, ba gaggawa, suka shiga waken Ɗanliti. Suka cinye ganye, suka cinye fure, suka koma kan rogo suka ɓare bawonsa har ya yi fari kamar ƙashi. Gonar Muhammadu Sani tana can hayin burtali, dawa ce kuma, ta riga ta yi ƙwari. Ko ganye ɗaya bai rasa ba.

Ɗanliti ya ari famfon feshi ya fesa. Da safe ya tarar da gawarsu kunya-kunya, da yamma wasu sun shigo daga kufan sun maye gurbi. Da rani Muhammadu Sani ya yarda aka yanke ciyawar da lauje, don lauje ba fartanya ba ne, ya kuma tsaya a kai har aka gama. Ruwa na sauka ciyawa ta dawo, farar ta dawo tare da ita, ta fi ta bara yawa.

"Daga ƙasa suke fitowa," in ji Ɗanliti. Har lokacin da dariya a bakinsa, sai dai ta fara gajarta. "Ƙwai ne a binne a gindin tsamiyar can. A kafce wurin, rana ta gasa shi, tsuntsaye su tsince, shi ke nan. Ni zan yi, ba sai ka wahalar da tsohon bayanka ba."

"Fartanya ba za ta shiga ba."

"To kai da kake sarkinsu, ka yi musu shela su tashi."

"Za su tashi. Wata fara ce ta biyo ta zuba ƙwai ta wuce, ba kullum za ta biyo ba. Waɗannan ɗango ne, ɗango kuwa ba ya haihuwa. Fiffikensu na cika za ka neme su ka rasa."

"Na bara ma haka ka ce."

"Na bara sanyi ne ya kashe su kafin su kai."

Ɗanliti ya dube shi sama da ƙasa ya girgiza kai. "Wallahi Gwaggo ta yi asarar goyo."

Lokacin da Muhammadu Sani ya faɗi waccan magana, ya yi imani da ita. Ya kamata a faɗi wannan don adalci. Abin da ya biyo baya ne ba shi da daɗin faɗa.

Yana da wata al'ada, in zai dawo daga gona da rana tsaka sai ya bi ta gefen kufan, daidai lokacin da mutane ke kauce wa irin waɗannan wurare. Ba ya shiga. Tsayawa yake ya saurara. Wurin ba ya shiru. Akwai wani sauti da ke tashi daga cikin ciyawar, siriri, ba ya yankewa, na dubban ƙananan bakuna suna aiki. Wani lokaci ya ji shi kamar yayyafi a kan ganye. Wani lokaci kuma, Allah ya yafe masa, ya ji shi kamar tsotson jariri. Sau da yawa ya hangi mutum tsaye can ciki, dogo, ya ɗan sunkuya kamar mai neman abin da ya yar, sai iska ta kaɗa ya ga tumfafiya ce.

Wata rana a ƙarshen kaka ya ga ciyawar gindin tsamiya ta kwanta, ya yi ƙarfin hali ya ratsa ya leƙa. Sun taru a wurin sun rufe ƙasa. Bibbiyu suke, ƙarami a bayan babba. Waɗanda suka rabu kuwa sun kafa gindinsu a ƙasa, cikinsu ya miƙe ya nutse kamar an soka tsinke a tuwo, jikinsu na rawa a hankali. Ya durƙusa ya daɗe yana kallo. Ya kama ɗaya ya ja fiffiken da farce. Ba tsiro ba ne mai jiran girma. Fiffike ne sosai, da jijiyoyinsa da komai, a haka aka gama halittarsa, guntu.

Yaro ba ya haihuwa. Waɗannan iyaye ne, kuma babu inda za su. A nan aka haife su, a nan za su binne 'ya'yansu, bana da baɗi da baɗin baɗaɗa, muddin ƙasar tana kwance ba a taɓa ta ba.

Ya goge yatsunsa a ƙasa, warin bai fita ba. Ya tafi gida bai gaya wa kowa ba. Da yamma aka tayar da zancen a majalisa, kowa na cewa mai 'yar shara, shi kaɗai ya ce ɗango. Kalmar ta fito daga bakinsa yadda ta saba, babu wanda ya lura da komai. Shi ne kawai ya ji ta yi nauyi a harshe.

Da aka gama casar wake, matarsa Maijidda ta cika ƙwarya ta aika wa Zakiyya, matar Ɗanliti. Ƙwaryar ta dawo yadda ta tafi, da faifanta a kai.

"Me suka ce?" ya tambaya.

"Zakiyya ta ce a gode. Ta ce maigidan ya ce shi ba gona ya rasa ba." Ta ajiye ƙwaryar a gabansa, ba ta juye ba. "Malam, in faɗi magana?"

"Ko na hana faɗa za ki yi."

"Yaran Kallamu ba sa jin yunwa. Na Ɗanliti suna ji."

"Na Ɗanliti suna da uba a tsaye. Waɗancan wa suke da shi?"

"Suna da Allah."

"Shi na sa a tsakani ranar da na ɗauka."

Maijidda ta ɗauki tsintsiya ta kama sharar inda ta riga ta share. Can ta ce, ba ta dube shi ba, "Duk haihuwar Falta ni na dafa mata ruwan wanka. Na san ta. Da tana nan, ita za ta fara ɗaukar fartanyar."

"Ba ita ta ba ni amanar ba."

Ya je wurin liman bayan azahar. Liman ya saurara har ƙarshe. Ya ce cutar da maƙwabci haramun ne, babu saɓani. Ya ce cika alkawari wajibi ne, babu saɓani. Ya ce alfarmar mamaci kamar ta mai rai ce, ko da jariri ne. Sannan ya ce idan cuta biyu suka haɗu, ƙaramar ake ɗauka.

"Wacce ce ƙaramar, Malam?"

Liman ya daɗe yana jan carbi. "Kai ka san wurin," ya ce. "Ni ban taɓa shiga ba."

A hanyar gida ya sake gwada lambar Kallamu, kamar yadda yake yi duk lokacin da abin ya dame shi. Muryar matar nan ta cikin waya ta ce ba a samun layin a halin yanzu, ya sake gwadawa nan gaba. Shekaru ke nan tana ba shi wannan shawara.

Da Kallamu ya mutu an sani, da abin ya zo da sauƙi, malamai su zauna su yanke. Da yana raye a inda waya ke kaiwa, kalma ɗaya ta isa. Amma mutumin ya tsaya a tsakani, ba ya cikin waɗanda ake yi wa addu'ar rahama, ba ya cikin waɗanda ake gaisarwa. Abin da ya fi damun Muhammadu Sani shi ne ya lura amanar nan ba ta cin komai nasa. Waken wani take ci. Mutum na iya riƙe alkawari shekara ɗari in dai a cikin wani ake jin zafinsa, har a riƙa nuna shi a gari ana cewa ga mai gaskiya. To amma in ya saki don wannan, me ya rage a cikin "na ɗauka"? Kallamu bai ce masa "sai in abin ya yi tsanani" ba. Ai don ranar tsanani ake ba da amana, ranar sauƙi ko kare ya tsare maka gida. Ya juya ta nan ya juya ta can, kamar mai kwana a kan tabarmar da ta yi masa kaɗan, in kai ya hau ƙafa ta fita ƙasa.

Rani ya wuce, bazara ta kawo zafinta, gajimare ya fara haɗuwa a gabas yana watsewa. Kowa na kai taki gona. Gonar Ɗanliti kaɗai ba a kai ko mangala ɗaya ba.

Wata safiya aka yi sallama a ƙofar gida. Muhammadu Sani ya fito ya ga Ɗanliti da wankakkiyar riga da hula, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ɗanliti ya rusuna.

"Malam Muhammadu, ina kwana? An tashi lafiya? Ya iyali?"

Tun yarinta bai taɓa jin sunansa a bakin nan ba. Ya ji kamar an zuba masa ruwan sanyi a ƙeya.

"Bawan gidanmu, yau kuma wane salo ne?"

"Alfarma na zo nema. Zan sayar da gonar. Masu yanka fuloti sun zo daga Rijiyar Zaki, suna bakin burtali. Ka san ba a sayar da gona sai maƙwabtan iyaka sun tsaya kowa ya nuna nasa. Sauran duk sun zo. Ta yamma ta Kallamu ce, kai ne a madadinsa."

"Gonar Kawu za ka sayar?"

"Gonar fara zan sayar. Ta Baba ta daɗe da fita hannuna."

"Ka ci me?"

"Akwai wanda zai ba ni adaidaita sahu a Ungogo in riƙa ja. Zakiyya da yara su zauna wurin iyayenta kafin in sami ɗaki."

"Kai da ko keke ba ka iya ba."

Ya faɗi haka ne ko Ɗanliti zai rama. Bai rama ba.

"Za a koya, Malam," ya ce.

Suka tafi, ɗaya a gaba ɗaya a baya. A bakin gonar ga mota a fake, ga dillalin, wani matashi mai suna Tahir, da baƙin tabarau, da mutum biyu riƙe da igiyar awo da turaku. Maƙwabcin kudu ya riga ya nuna tasa iyakar, na arewa da na gabas ma haka. Yadda ake yi shi ne maƙwabci ya bi iyaka da ƙafarsa daga kusurwa zuwa kusurwa, yana jan ta a ƙasa, shaidu na biye, in ya kai ƙarshe ya ce "nan ne", a kafa turke. Daga nan babu mai sake tayar da zancen.

Muhammadu Sani ya tsaya a kusurwa ya fara jan ƙafa a gindin gamba. Gambar nan kawunsa ne ya dasa ta, shi da kansa ya riƙe masa kwandon saiwar yana yaro. Ta hannun dama gonar Ɗanliti, tsirara, da karan rogo farare a tsaitsaye. Ta hannun hagu kufan. Ya kai rabi ya tsaya.

"Baba, ko an manta ne?" in ji Tahir. "Ba komai, layin gambar ai a miƙe yake, mu ƙarasa."

Muhammadu Sani ya waiwaya. "Ɗanliti, zo," ya ce.

Suka koma gefe inda ba za a ji su ba.

"Ka ba ni damina ɗaya."

"In jira?"

"Ka jira."

Ɗanliti ya yi murmushi, ba irin na wasa ba. "Har fiffikensu ya fito?"

Muhammadu Sani ya dubi busasshiyar ciyawar kufan, ya dubi tsamiyar.

"Ba zai fito ba," ya ce. "Iyakarsa ke nan. Ba ɗango ba ne."

"Na sani. Ƙaramin ɗana ma ya sani. Kai tun yaushe ka sani?"

"Tun kaka."

Ɗanliti ya cire hula ya share goshi ya mayar. Can nesa mutanen Tahir sun gaji da tsayuwa, ɗaya ya zauna a kan turakun.

"Ni ba zan yi maka alkawarin komai ba," in ji Ɗanliti. "Na ga abin da alkawari ke yi wa mutane."

Ya juya ya je ya gaya wa dillalin cewa iyakar yamma ba ta kammala ba, sai wani mako. Tahir ya yi ta mita, wai mutanen ƙauye sai su sa ka ƙona mai a banza, wai shi yana da gonaki na jiransa a Minjibir. Suka kwashe turakunsu suka shiga mota. Maƙwabta suka watse suna waiwaye.

Muhammadu Sani ya koma gida. Bai ɗauki garma ba, bai ɗauki babbar fartanyarsa ba. Ya shiga bayan rumbu ya zaro 'yar ƙaramar fartanyar da Maijidda ke gyara yakuwarta da ita, wadda bakinta ya cinye bai fi tafin hannu ba. Maijidda tana bakin murhu, ta ga abin da ke hannunsa.

"Malam, ka sha koko tukuna."

"In na zauna ba zan tashi ba."

Rana ta kusa tsakiya lokacin da ya isa. Ya zagaya ta kudu, inda yake zaton ƙofar zauren take a da. Babu komai a wurin sai ɗan tudun jar ƙasa. Ya cire takalmansa ya ajiye a gefe.

"Salamu alaikum," ya ce.

Ya jira. Farar bara duk ta mutu, ta bana ba ta ƙyanƙyashe ba, don haka babu sautin nan da ya saba ji. Bai taɓa tsayawa a wurin ya ji shi shiru haka ba. Ko kurciya ba ta kuka a kan tsamiyar.

"Kallamu, ni ne, Sani. Da fartanya na zo."

Ya shiga. Busasshiyar ciyawa tana karyewa a ƙarƙashin ƙafarsa, kowane taku yana ajiye shi a hankali, don bai san kan wa yake takawa ba. Ya isa gindin tsamiya ya durƙusa.

Daga hayin gamba ya ji motsi. Ɗanliti ne, ya cire rigar nan, ga fartanya a kafaɗa.

"In shigo?"

"A'a. Ni na ɗauka."

Ɗanliti ya tsaya jim, sannan ya ajiye fartanyar ya zauna a ƙasa a cikin gonarsa, ya haɗa kai da gwiwa.

Muhammadu Sani ya yi bisimilla ya sari ƙasa. Bai zurfafa ba, zurfin yatsa kawai, yana ja kamar mai ɗaye ɓawon tuwo daga tukunya. Sara na uku sai ga su, 'yan dunƙule-dunƙule kamar gaɓar yatsa, ƙasa ta manne a jikinsu. Ya murje ɗaya, ta fashe, ƙwai ya zubo a tafinsa jere-jere kamar shinkafa. Ya watsa shi waje inda rana ke duka. Ya ci gaba. Ko'ina ya ja, ga su. Gumi ya jiƙa masa riga, ya matsa gaba da jan jiki.

Sai bakin fartanyar ya daki wani abu, ya yi ƙara.

Ya saki ƙotar. Ya sa hannu ya share ƙasar a hankali. Bayan fasasshiyar tukunya ne, a kife, baƙi, ya nutse a ƙasa ba a ganin iyakarsa. Da irin wannan ake rufe bakin kabari kafin a tura ƙasa. Amma nan gida ne, inda Falta ta yi shekaru tana girki, tukunya nawa ta fashe aka jefa bayan ɗaki? Babu yadda za a sani sai an ɗaga, kuma wanda ya sani yana inda waya ba ta kaiwa.

"Lafiya?" in ji Ɗanliti daga can.

Muhammadu Sani ya ƙara sunkuyawa. A gefen tukunyar ƙwan ya fi yawa, ya manne da ita ta kowane ɓangare. Ya sa yatsu ya ɓanɓare shi ɗaya bayan ɗaya, bai bari farcensa ya motsa ta ba. Da ya gama ya tattaro ƙasa da hannu biyu ya mayar, ya shafe ta da tafinsa har ta kwanta. Leɓensa na motsi, shi kansa bai san ko addu'a yake ko ban haƙuri ba.

Sannan ya matsa gefe kaɗan, ya ɗauki fartanyar, ya sake sara.